Jan Ɗigo

Shekara hamsin da takwas ta shigo ba sallama,
ta fara da idona.
Ƙarfen saitin da ke bakin bindigata,
wanda na sani kamar haƙorin gabana,
ya koma dishi-dishi,
kai ka ce ta cikin ruwan tsari nake leƙensa.

A shagon Delbert, can gabashin Tulsa,
inda warin albarushi ke kama riga ya ƙi saki,
ya ɗora mini ɗan gilashi a tafin hannu,
bai fi farcen babban yatsa ba.
"Dala ɗari uku da tamanin,
ban da ladan mai fiƙe masa mazauni."
Na lissafa a zuci:
dare uku ke nan cur ina tsaye
a ƙofar siton magunguna, sanyi na cin gwiwa.

Tukur, abokin gadina, ya yi dariya har da tari:
"Ƙarfe bai san batir ba, dattijo.
Ran da ruwa ya jiƙa gilashin,
ko batirin ya yi barci,
sai ka ce wa ɓarawo ya dakata ka canza?"
Bai yi ƙarya ba.
Na saya duk da haka.

Ranar farko na zaro ta daga kube,
na leƙa tagar: wayam.
Na karkata wuyan hannu hagu, dama, sama,
kamar mai laluben allura a tabarma.
Da ɗigon ya bayyana kuma, sai rawa,
jan garwashi yana tsalle a ƙirjin kwali,
ya ƙi zama.
Na ce wa Delbert kayansa na da iskoki.
Ya ce, "Ba shi ke rawa ba, hannunka ne.
Tun can yana yi,
ƙarfe ne ke rufa maka asiri."
Maganar ta biyo ni har gida,
ta zauna da ni a bakin tuwo.

Ba a fafe gora ranar tafiya.
Wata biyu, bayan la'asar, a gareji,
bindiga ba harsashi,
ina zarowa, ina auna makunnin fitila,
har Hansatu ta ce makunnin ya yi ta kansa.
A hankali ɗigon ya koyi zuwa da wuri.
Rawar ba ta daina ba,
ni ne na daina jin kunyarta.

Sai wani daren Nuwamba, ƙarfe uku saura,
ƙara a bayan manyan boloji.
Inuwa ta miƙe, wani abu na ƙyalli a hannunta.
Na zaro.
Da can, idona kan ƙarfe yake tsayawa,
mutum ya zama gizo a bayansa.
Yanzu idanu biyu a buɗe,
suna can inda ɗigon ya sauka:
rigar sanyi mai yagaggen aljihu,
gemu fari, leɓe na karkarwa,
da gwangwanin lemo, babu komai a ciki.
Tsoho ne, sa'ana ko ya ɗara,
yana tsince-tsincen abin sayarwa.
Jan ɗigon na rawa a kan maɓallinsa na biyu,
na ga rawar, na san ta wa ce.

Na ɗauke yatsa daga kunama.

Da asuba Tukur ya tambaya,
yana hura shayi a kofin takarda:
"To, kuɗin ya fita?"
Na ce batir dai sai an canza,
gilashi sai an goge,
kuma ba ya ƙara wa mutum hankali ko ƙwayar gero.
Ya ce, "Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."
Na dubi hannuna.
Har yanzu bai tsaya ba.